Barin Makaranta Ba Ya Kashe Bashin Karatu

A yau za mu duba wani al'amari da yake damun ɗalibai da iyayensu a ƙasar Amurka, wato abin da yake faruwa ga yaron da gwamnati ta ba shi kuɗin karatu, sa'an nan ya bar makarantar kafin ya gama. Da yawa sukan ɗauka cewa da zarar mutum ya tattara kayansa ya koma gida, shi ke nan magana ta ƙare. Alhali kuwa a ranar ce lissafi yake farawa.

Tun shekarar 1965 ne Amurka ta kafa dokar taimaka wa ɗaliban manyan makarantu. Taimakon iri-iri ne: akwai rance wanda za a biya, akwai kuma tallafi na kyauta domin 'ya'yan talakawa, wanda ake kira tallafin Pell, wanda a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 iyakarsa dala 7,395 ce. A shekarar 1998 majalisar dokokin ƙasar ta yi wa dokar gyara, ta ce kuɗin da aka ba ɗalibi a farkon zango ba su zama hakkinsa gaba ɗaya ba tukuna. Kowace rana da ya yi yana karatu, ita ce take halatta masa wani kashi. Sai ya wuce kashi 60 cikin 100 na kwanakin zangon kafin dukan kuɗin su zama hakkinsa.

Ga misali. A ce zangon kwana 100 ne, an kuwa ba yaro dala 5,000. In ya bari a rana ta 30, dala 1,500 kaɗai ya cancanta, sauran dala 3,500 kuwa ba hakkinsa ba ne. Dole makaranta ta mayar wa gwamnati rabon da yake hannunta cikin kwana 45. To, makarantu da yawa ba sa rage kuɗin makaranta ga wanda ya riga ya yi makonni yana shiga aji, saboda haka sai su juyo su bi yaron wannan giɓin. Da ya daure ya kai rana ta 61, da ba a mayar da ko sisi ba. Kun ga wata guda kacal ya raba mai bashi da marar bashi.

Wanda ya sulale ba sallama, nasa ya fi muni. Idan makarantar ba ta kiran suna a aji, doka ta yarda ta ɗauka cewa a tsakiyar zango ya tafi, wato rabin kuɗin kaɗai ya cancanta. Wanda kuwa ya je ofis ya nemi hutu a rubuce saboda ciwo ko wata larura, ana iya ba shi har kwana 180 cikin shekara guda ba tare da an lasafta shi cikin waɗanda suka bari ba.

Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba. Mai rance yana da wata 6 na sarari kafin ya fara biya, kuma ana fara ƙirga watannin ne daga ranar da ya bari, ko ya sami aiki ko bai samu ba. In ya yi kwana 270 bai biya ba, sai a sa shi cikin waɗanda suka gaza, doka kuwa ta ba gwamnati ikon cire har kashi 15 cikin 100 daga albashinsa, kuma ba za a sake ba shi taimako ba sai ya gyara. Ko ya so komawa makaranta, darussan da ya yar suna nan a rubuce, gama yawancin makarantu suna bukatar ɗalibi ya ci kashi biyu cikin uku na darussan da ya ɗauka. Tallafin Pell ma zango 12 ne iyakarsa a duk rayuwar mutum, abin da ya ci a zangon da ya watsar kuwa yana cikin lissafi. Shi ya sa waɗanda suka fi kasa biya a Amurka ba masu babban bashi ba ne, su ne waɗanda suka fita da bashi ba takardar shaida.

Me ya kawo wannan magana nan gida? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Afrilu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, a ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba kuɗin ruwa, a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Sharuɗɗan da sauƙi, amma rance ne, ba rabon ganima ba. Mu tuna an taɓa kafa hukumar rancen ɗalibai a ƙasar nan a 1972, rashin biya kuwa yana cikin abubuwan da suka durƙusar da ita.

Saboda haka, iyaye, kafin yaro ya sa hannu ku zauna da shi ku karanta sharuɗɗan, ku kuma tambaya a fili abin da zai biyo baya in karatu ya katse. Kai kuma ɗalibi, in ciwo ko rashi ko faɗuwa jarrabawa ya matsa maka, kada kunya ta sa ka ɓuya. Ka gaya wa na gida, ka je ofishin kula da ɗalibai, ka nemi a ɗaga maka karatun a rubuce, ka adana takardar. In barin ya zama dole, to, ta ƙofar da ka shiga, ta nan za ka fita.