Tufafin mai juna biyu: haƙƙin da ake jinginewa sai ranar suna

Abu ne sananne a tsakanin matasa magidanta cewa da zarar an tabbatar iyali na da juna biyu, lissafin farko da ke faɗo wa ɗan uwa a rai shi ne na rago. Daga rago sai goro da alawa, sai kayan jariri, sai turamen fitar suna. Wani tun ciki na wata uku ya shiga adashi saboda wannan yini guda. Amma ita baiwar Allah da ke ɗauke da cikin, wacce kayan jikinta za su fara matse ta tun daga wata na huɗu ko na biyar, sam ba ta cikin lissafin. Haka za ta kwashe watanni tana fama da rigar amarci wadda zif ɗinta ya daina rufuwa, tana lulluɓa hijabi a kai don kada a gani.

Alal haƙiƙa wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Tufatarwa ɓangare ce ta nafaƙar da ke wuyan miji, daidai da ci da sha da muhalli. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a kan uban ɗa, sannan aya ta 6 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umurni da a ɗauki nauyin mai ciki har ta haihu, alhali magana ake yi kan matar da aka saka. To ina ga wadda ke zaune a ɗakinta? Ayar da ke biye kuma ta bar kowa da gwargwadon ƙarfinsa. Wato ba a ce sai leshi ba, amma ba a ɗauke wa talaka wajibin ba.

Abin da ke ƙara rufe matsalar shi ne kunya. Yarinya mai cikin fari ko zancen cikin ba ta iya yi, balle ta buɗe baki ta ce riga ta yi mata kaɗan. Shi kuma gogan naka sai ya ɗauki shirun nata a matsayin wadata. In lokacin goyon ciki ya yi, ta koma gidan iyayenta da kayan da ba sa shigarta, uban da ya gama kakkaɓe aljihunsa wajen yi mata kayan ɗaki shi ne kuma zai koma kasuwa. Ɗan uwa mai mutunci bai kamata ya bari a kai ga haka ba.

Babu mai musun cewa rayuwa ta yi tsada. Masaƙun da a da suke wadata Arewa da atamfa mai sauƙin kuɗi yawancinsu sun durƙushe. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, kasuwa ta koma hannun kayan da ake shigowa da su daga waje, waɗanda farashinsu ke bin dala. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a wata na gaba, komai ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kowa ya san inda yake tsayawa. Sai dai wannan tsadar hujja ce ta yin tsari da wuri. Mutumin da ya iya tara kuɗin rago babba da turame huɗu na fitar suna, ba zai ce kuɗin riguna uku na zaman gida sun gagare shi ba. Turmi ɗaya kawai zai rage daga na sunan, ya dawo da kuɗinsa baya da wata biyar.

Kuma abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Suturar Bahaushiya ta asali ma ta riga ta warware rabin matsalar, domin zani ba shi da awo, yana bin jiki duk yadda ya sauya. Inda ake samun cikas shi ne ɗinkin zamani mai kama jiki da siket mai zif. Dogayen riguna masu faɗi guda uku, irin bubu, da buba biyu da za a ɗaura wa zani, da guda ɗaya mai ɗan kyau ta zuwa awo da unguwa, sun isa su kai mace har haihuwa. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta sauka, don haka in za a kai ɗinki a wata na uku, a gaya wa tela ta auna da wata na tara, ta bar rara a cikin ɗinkin yadda za a iya buɗawa. Tela mace ta cikin unguwa ta fi dacewa, ta fi sauƙin kuɗi, kuma mai cikin za ta fi sakin jiki ta faɗa mata inda ke damunta. A sa a yi wa rigunan maɓalli ko zif ta gaba. Wannan 'yar dabara ita ke mai da rigar wata biyar ta zama ta shekara biyu, domin da ita za a yi shayarwa. Dama jiki ba ya komawa ranar da aka haihu. Mahaifa kanta sai ta ɗauki kimanin mako shida, kusan daidai da arba'in.

Wajen zaɓen yadi ne ya kamata ɗan uwa ya buɗe ido. Mai ciki ta fi kowa jin zafi, kuma duk wanda ya san Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ya san zafin kan haura digiri 40. Yadin roba mai sheƙi yana da araha a ido, amma ba ya shan gumi, sai ya bar ta da ƙuraje da ƙaiƙayi. Auduga ake nema. Gane ta ba wuya: a zare zare ɗaya daga bakin yadin a kusanta shi da ashana. Auduga takan ci wuta ta zama toka mai laushi da warin ƙonannar takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. A Kantin Kwari ana samun yadin auduga mara ado da ake yankawa gwargwadon buƙata, ba dole sai an ɗauki turmi mai yadi shida ba. Sannan a kauce wa makonnin da ke gaban Sallah, lokacin da 'yan kasuwa ke ƙara kuɗi, teloli kuma ba sa sauraron ƙaramin aiki.

Gwanjo ma ba abin kunya ba ne. A Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna ana tsintar dogayen riguna na auduga masu kyau, musamman ga wanda ya dace da ranar fasa dila. A wanke su da sabulu, a shanya a rana sosai, a goge. Sai dai kayan ciki ba a sayensu gwanjo. Rigar mama da ɗan kamfai a saya sababbi, na auduga, masu girman da ya ɗara na da, domin ƙirji na ƙaruwa, kuma ciwon sanyi mai ƙaiƙayi ya fi samun mata lokacin ciki, matsattsen kayan roba kuwa ƙara masa ƙarfi suke. Nan ne yawancin samari ke jin nauyi. To wanda ba zai iya tsayawa gaban mai shago ba, ya miƙa kuɗin ga matar ko ga yayarta, a wuce wurin. Takalmi kuma shimfiɗaɗɗe mai ɗan yalwa, saboda ƙafa kan kumbura a watannin ƙarshe. Amma in kumburin ya zo farat ɗaya ya kama fuska da hannuwa, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ya wuce maganar takalmi, asibiti za a nufa nan take, domin yana iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga.

Akwai masu cewa ai akwatunan lefe cike suke da turamen da ba a ɗinka ba, me zai sa a sake saye? Gaskiya ne a gidaje da yawa akwai su, kuma ciro turmi ɗaya ko biyu hanya ce mai kyau ta rage kashe kuɗi. Amma lefe tun ranar da aka miƙa shi ya zama dukiyarta. In ta ga dama ta ciro, ta kyauta, shi kuma ya biya kuɗin ɗinki ya yi godiya. In ta ce ta ajiye wa wata buƙata, ba shi da ikon ƙirga shi cikin nafaƙar bana. Haka abin yake ga aron riguna daga yaya ko ƙawar da ta riga ta haihu: mata na yi a tsakaninsu kuma babu laifi, matuƙar ita ce ta so, ba shi ya tura ta ba.

Idan an gama shayarwa, a wanke rigunan a ninke su a ƙasan akwati. Waɗanda aka yi da auduga mai kyau sukan kai ciki na biyu ba tare da an sake zuwa wurin tela ba.