Shamuwa ta ratsa ta kan Kokoro

Na san wasu na jiran in ƙarasa zancen kuɗin dakon kaya daga Duwala da muka faro. To, ku yi mini haƙuri, wannan karon wata baƙuwa ce ta sha gabansa.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, ina tsakar gida ina ɗaure dilar atamfa da za a kai shago, sai ga autana, ɗan shekara tara, ya shigo a guje. "Baba, ɗaga kai ka ga ndeke! Ndeke da yawa!" Ga waɗanda ba su zauna Bangi ba, ndeke shi ne tsuntsu da harshen Sango, kowane iri ne kuwa. Na ɗaga kai. Can sama ga su nan garke guda, bayansu baƙi, cikinsu fari fat, sun miƙe wuya gaba, ƙafafu baya, suna kewayawa ba ko kaɗa fiffike. Suka yi ta yin sama har suka koma kamar ƙudaje, sannan suka miƙe arewa.

Na ce masa, "Sunanta shamuwa." Ya ce, "Baba, mece ce shamuwa?" Wallahi tambayar nan ta tsaya mini a rai har dare.

A ƙauyenmu, kusa da Madarunfa a ƙasar Maraɗi, ko yaron da bai gama iya magana ba ya san shamuwa. Idan ta sauka kan tsamiyar ƙofar mai gari ta fara tara kirare, an san damina ta matso. Sai a fito da iri, a gyara sungumi, a ƙarasa sharar gona. Ba mai jifarta, ba mai taɓa ƙwanta. Tana cin fara da tsutsa, manomi kuwa ba ya faɗa da mai taya shi aiki. Muna yara mun ɗauka daga gabas take zuwa, wasu ma su ce daga Makka. Sai da na girma na gane bafatakiya ce kamar mu. Tana yin sheƙa ta ƙyanƙyashe a ƙasashenmu na Sahel, daga Senegal har Habasha, cikin damina. Ruwa na ɗaukewa sai ta tsallaka tsakiyar Afirka ta gangara Zambiya da Zimbabwe, har Afirka ta Kudu, inda nasu ruwan yake farawa. Bangi zango ce a kan hanyarta. Sau biyu take ratsa mu a shekara: wajen Maris da Afrilu tana haurawa gida, wajen Oktoba da Nuwamba tana komawa kudu.

Wani zai ce, ɗan kasuwa da kallon tsuntsaye, ina aka haɗu? Ni ma ba da niyya na fara ba. Duk wanda yake Kilomita Biyar, wato Sankilo, ya san abin da ya biyo bayan ranar 5 ga Disamba, 2013. Farkon 2014 dubban 'yan'uwa suka fice zuwa Cadi da Kamaru. Ni ma na sa iyalina a mota zuwa Garwa-Bulai, na tsaya tsaron gida da ɗan abin da ya rage a shago. Unguwa ta zama kamar kurkuku. Ba ka iya tsallake 'yan layuka kaɗan, har maƙabartarmu ta Boeing ba ma iya kai mamaci. Mutumin da ya saba wuni yana ciniki, sai ga shi zaune gindin mangwaro daga safe har magariba, ba abin yi sai tasbihi da sauraron rediyo.

A cikin wannan zaman ne, wata rana ruwa na shirin farawa, na ɗaga kai na ga shamuwa tana wucewa arewa. Ba mai tare ta a hanya, ba mai tambayarta takarda. Na san inda ta dosa, na san irin itacen da za ta sauka a kai. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin bashi, wanda masu bashin cikinsa rabi sun watse, na juya bayansa na rubuta ranar. Tun daga nan duk tsuntsun da na gani a gida ko a hanyar kasuwa sai na rubuta. Yanzu littafi na huɗu nake ciki.

Abin da littattafan nan suka koya mini shi ne Bangi ma tana da kalandarta a sama. Nan rani gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan shekara kuwa ya ninka na Maraɗi wajen sau uku. Saboda haka lissafin gida ba ya aiki a nan sai ka juya shi. Tsuntsun da yake baƙon damina a wurinmu, sau da yawa baƙon rani ne a nan.

Ɗauki shirwa. Ruwa na fara janyewa za ka ga ta cika sararin kasuwa, tana shawagi kan mahauta da juji. Ba ta da wuyar ganewa: ruwan ƙasa ce, bakinta rawaya, jelarta da 'yar tsaga, kuma da jelar take juya kanta a iska kamar mai tuƙa kwalekwale. Uwargida ba ta buƙatar littafina, ita da ta ga ta fara rasa 'yan tsaki ta san rani ya shigo. Idan damina ta kankama sai shirwa ta ragu, ta bi ruwa arewa. Balbela ma cikin rani ta fi yawa. Da yamma za ka ga sun jero farare tas sun nufi wajen kogin Ubangi kwana.

Tsattsewa kuma iri biyu nake gani, kuma na daɗe ina haɗa su. Akwai 'yar gida, baƙa mai farin tabo a ƙugu da guntuwar jela, wadda ke liƙa sheƙa ƙarƙashin gada da rufin dogayen gine-gine, tana nan shekara duka. Akwai kuma baƙuwa mai doguwar jela kamar almakashi da jan maƙogwaro, mai jeruwa kan wayar lantarki. Wannan daga Turai take zuwa. Nauyinta wajen giram 20 ne kacal, amma tana ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, ta yi watanni tare da mu, wajen Maris ko Afrilu ta koma. In kana son ganin biki, ka fito bayan ruwan fari, lokacin da shinge, wato gara mai fiffike, ke tashi daga ƙasa. Shirwa da tsattsewa da hankaka kowa na wawaso, yara ma na nasu da kwano.

Damina kuwa ta masaƙa ce, 'yan rawayan nan masu baƙin kai da ke cika itace ɗaya da sheƙa kamar an rataye tulluna. Namijin ne ke saƙa, da zaren ganyen kwakwa da ciyawa. In ya gama sai ya rataya a ƙasan sheƙar yana kaɗa fiffike yana kururuwa, macen ta zo ta shiga ta duba. In ba ta yi mata ba ta yi gaba, shi kuma ya warware ya sake sabuwa. Magidanta, kun ji, ba mu kaɗai ba ne.

Sai 'yan zaman dindindin. Hankaka da farar rigarsa, wanda ya san lokacin da ake zubar da shara fiye da mai gida. Kurciya, amma ta nan ta fi tamu girma, da jan ido da baƙin zobe a bayan wuya. Da wani ɗan ruwan toka mai baƙin kai da ɗan rawaya ƙarƙashin jela, wanda ke fara kuka tun gari bai waye ba. A gidanmu mun sa masa suna ladan. Sai mujiya, wadda mutane ke tsoro a banza. Duk mai ajiye buhunan shinkafa ko gyaɗa ya kamata ya gode mata, don ɓera ne abincinta.

Ga mai son farawa, ba sai da madubin hangen nesa ba. Ni ban taɓa mallakarsa ba. Yi yadda kake yi in an miƙo maka atamfa: ba ka yarda da launi tun farko, don rana na ruɗi. Fara da girma, ya kai kurciya ko ya kai hankaka? Sannan dubi baki, gajere ne mai kauri na cin tsaba, ko siriri na kama ƙwari, ko mai lanƙwasa na yagar nama? Dubi jela, dubi yadda yake tashi, yana kaɗa fiffike ko shawagi yake yi. Saurari kukansa. Launi ya zo daga ƙarshe. Sai ka rubuta rana da wuri. Kwata ɗaya bayan sallar asuba, kwata ɗaya kafin magariba, sun isa. Shekara na zagayowa za ka buɗe littafi ka ga baƙon bara ya dawo kusan a makonsa.

Tunda fatake nake wa magana, bari in ƙara wannan. Akwai mai zuwa maka da aku a kwali, mai ruwan toka da jan jela, wanda aka kamo daga dazukan kudu, ya ce ka haɗa da kayanka zuwa Kamaru ko Najeriya akwai riba. Kada ka karɓa. Tun taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Saboda tsuntsu ɗaya kana iya jawo wa dukan kayanka tsaiko a kan iyaka, ga shi da yawansu ba sa kai ƙarshen tafiya da rai.

Mu koma kan autana. 'Ya'yanmu na nan sun iya Sango, sun iya Faransanci, kuma ban ga laifin haka ba, da su za su ci abinci. Amma Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da ciniki da "kawo ruwa". Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To yaron da komai ndeke ne a wurinsa, ranar da ka kai shi gida kakarsa ta ce shamuwa ta sauka, zai tsaya yana kallonta kamar baƙo. Ba mu da gona a Kokoro da za mu nuna musu sungumi, ba mu da rumbu. Amma shirwa da balbela da hankaka suna zuwa har tsakar gida kyauta, kowane da sunansa da karin maganarsa da tatsuniyarsa.

A daren nan na karɓe danƙon da yake harbin tsuntsaye da shi, na ba shi biro da sabon littafi. Shafin farko ya rubuta shamuwa, da kuskure biyu, muka gyara. Sannan na danna waya na sa shi ya yi wa yayana saƙon murya da bakinsa. Ya ce, "Baffa, ina wuni. Baba ya ce a gaya maka shamuwa ta wuce ta nan, a fito da iri." Da safe amsa ta zo, yaya na dariya. Ya ce tsamiya dai ba kowa tukuna, amma in ta sauka autan zai fara sanar wa.

Masu karatu na Yawunde da Kumasi da Abijan da Librebil da sauran zangunanmu, ku ma ku ɗaga kai cikin makonnin nan. Ku rubuto mini abin da kuka gani, da sunan da ake kiransa a garinku na asali, don Hausar Katsina da ta Damagaram ba koyaushe suke haɗuwa kan tsuntsu ɗaya ba. Zan tara in kawo a wannan fili. Zancen dako kuma yana nan, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, nan da gida, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.