Jirgin ƙasan Zinga da muka manta

Ran nan a aji na tambayi yara ko an taɓa yin jirgin ƙasa a ƙasar nan. Duk suka ce a'a. Ban ga laifinsu ba, don manya da yawa a Kilomita Biyar haka za su ce.

To, an taɓa yi. A kudu da Bangui, wajen Zinga, akwai duwatsu cikin kogin Ubangi. In rani ya yi, ruwa ya ja baya, jiragen ruwan da suka taso daga Brazzaville ba sa iya wucewa. Shi ya sa a 1930 Faransawa suka buɗe siririn layin dogo tsakanin Zinga da Mongo, tsawonsa bai kai kilomita 8 ba. A sauke kaya, jirgin ƙasa ya kewaye duwatsun da su, a sake loda su a wani jirgin ruwa. Da aka fasa hanya cikin kogin wajen 1960, sai aka yi watsi da layin.

Yau yawancin kayan kasuwarmu a manyan motoci suke zuwa daga Douala ta Garoua-Boulaï. Ranar da hanyar ta toshe, kowa ya san yadda kuɗin sukari da siminti ke tashi. Ashe mai hanya ɗaya bai da kwanciyar hankali.

A 2006 an sa kufan jirgin Zinga cikin jerin wuraren tarihi da ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO, amma tsatsa ba ta jiran takarda. Iyaye da malamai, mu haɗa kuɗin mota mu kai yaran nan su gani da idonsu. Allah ya sa mu dace.