Ba Yarinta Ba Ce, Ku Kira Laifin da Sunansa



Wata magana ta yi yawa a bakin mutanenmu daga Nima zuwa Maamobi: wai duk magidancin da aka gani a cikin trotro ko a bakin shago yana wasa da waya, yaro ne mai gemu. Mun ji ta a majalisa, mun ji ta a wurin shan ataya, kuma ba mu yarda da ita ba.

Yaushe wasa ya zama na yara kaɗai? Kakanninmu da suka biyo hanyar goro ta Salaga sun zo da dara, kuma dattawa ne ke haƙa gurabenta a ƙasa. Maƙwabtanmu suna da oware. Har gobe ana buga dame a gindin bishiya, masu furfura suna ihu a kan allo, ba wanda ya ce su koma makarantar allo. Abin da ya sauya shi ne allon ya ƙanƙance ya shiga aljihu. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy a 1989. Wanda yake ɗan shekara goma a lokacin, yau ya doshi hamsin. Da abin ya girma, kamar yadda na gabansa suka girma da dara. Mutumin da ya wuni yana ɗinki ko dako, cunkoso ya tsare shi tsakanin Circle da Madina, ya jera 'yan tubala a waya maimakon ya ci naman wani, wa ya zalunta?

Ba mu ce malamai sun yi shiru a kan wasa ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Risala ya san ta hana nardu da shaɗaranji, Muhtasar kuma ya lissafa dawwama a kan shaɗaranji cikin abubuwan da ke zubar da muru'ar mai shaida. To, ku duba da kyau: zancensu a kan mutunci ne, da shagala, da dukiya. Shekarun mai wasa ba su shigo ciki ba.

A kan wannan ma'auni za mu tsananta. Wanda ya zo zaman makoki, ana yi wa mamaci addu'a, yatsansa na kai da komo a kan gilashi, ya ci mutuncin gidan. Haka wanda ya zauna a harabar Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda ranar Juma'a, liman na huɗuba, shi yana neman maki. Kada ku kira wannan yarinta, domin yaro yana da uzuri, shi kuwa ba shi da shi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne masu yi wa mai wasan tubala dariya sun rufe baki a kan caca. A cikin wayar nan guda ake zuba kuɗin cefane a kan ƙwallon Ingila, ta momo, ba ƙara, ba kunya, kuma ana yi wa mai yi kallon wayayye. Gwamnati ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a 2023, ta janye shi a 2025. Alƙur'ani kuwa ya haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida, ba a janye ba. Matan da ke kawo ƙara gaban sarakunan Zango ba su taɓa cewa maigida ya cika wasa kamar yaro ba. Cewa suke yi kuɗin makarantar yara ya tafi, mai gida yana neman kuɗin haya, shi kuwa yana jiran wasan Asabar.