Kafin ka tura sakamakon ƙuri'ar nan, tambayi wa aka tambaya

Kana zaune kana latsa waya, sai ga hoto: wai an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a X, mutum dubu hamsin sun kaɗa, gwaninka ya samu kashi 80 cikin 100. Kafin ka ce me, ka watsa shi a duk zaurukan WhatsApp ɗinka. Tsaya tukuna, ɗan uwa. Ke ma 'yar uwa, ɗan dakata.

A 1936, wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi miliyan 10 gabanin zaɓen shugaban ƙasa. Sama da miliyan 2 suka dawo da amsa. Mujallar ta ce Alf Landon ne zai ci. Da aka kaɗa ƙuri'a, Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Me ya faru? Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota aka kwaso su, a lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Sannan waɗanda suka ga dama ne kawai suka amsa. Shi kuwa George Gallup, da mutum kusan dubu hamsin da ya zaɓo daga rukunoni daban-daban, ya hango nasarar Roosevelt. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Duk wanda ya taɓa sayen masara a Dawanau ya san wannan darasin. Ba ka duba bakin buhu kaɗai, domin nan ake zuba mai kyau. Sai ka sa an ɗibo maka daga tsakiya da gindi. Ƙuri'ar X bakin buhu ce: mabiyan mutum ɗaya, masu waya da data, galibi matasan birni. Kakarka da ke ƙauye ba ta ciki, alhali tana da katin zaɓe, kuma tana fita.

Ga wani abu kuma. A zaɓen 2023, sama da mutum miliyan 93 ke da rajista a Najeriya, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Danna waya daban, tsayawa a layi cikin rana daban.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, wanda ya wayi gari da yaƙinin cewa gwaninsa na da kashi 80, ran da sakamako ya saɓa, ba abin da zai ce sai an yi maguɗi. Maguɗi na faruwa, amma ƙuri'ar X ba hujjarsa ba ce. Kuma daga irin wannan zafin ne rigima ke tashi.

Don haka kafin ka tura, yi tambaya uku: wa aka tambaya? Ta yaya aka zaɓo su? Wa ya biya kuɗin aikin? In babu amsa, bar hoton ya mutu a wayarka.