Masu Tallan "Maganin Kumburi" da Sankarar Hanji

Kalmar kumburi ta zama jari. A shafukan Facebook da TikTok, mai sayar da garin kurkum da mai sayar da man habbatussauda duk waƙarsu ɗaya: kumburi ke haifar da sankara, don haka wanda ya kashe kumburi ya kashe sankara. Abin takaici shi ne rabin farko na zancen yana da tushe a kimiyya, kuma da wannan rabin ake yaudarar masu ilimi.

Tun a 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini cunkushe a cikin ƙari, ya yi zargin akwai alaƙa. A 1986 Harold Dvorak na Jami'ar Harvard ya kwatanta ƙari da miki da ya ƙi warkewa. Kwatancen ya dace da babban hanji. Idan bangonsa ya ji rauni, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan saki wasu sinadarai 'yan aike, irin su IL-6 da TNF. Saƙon da suke kai wa ƙwayoyin bangon shi ne su hayayyafa, su jinkirta mutuwa, har ɓarakar ta toshe. IL-6 yana isar da nasa ta hanyar wani furotin mai suna STAT3, wanda ke shiga cibiyar ƙwayar ya kunna umarnin. Ga lafiyayyen hanji wannan rahama ce. Ga ƙwayar da tsarin gadonta ya riga ya gurɓata kuwa, taki ne. A 2004 da 2009 ɗakin binciken Michael Karin a San Diyego ya nuna a jikin ɓeraye cewa toshe waɗannan hanyoyi yana rage ƙari. A jikin mutum ma, wanda ya shekara da shekaru da ciwon gyambon babban hanji haɗarinsa ya fi na sauran jama'a.

A nan 'yan talla suke ajiye littafin, domin shafi na gaba yana ɓata musu ciniki. A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faransa sun gano cewa majinyatan da ƙarinsu ya cika da wani nau'in ƙwayoyin garkuwa masu kai farmaki sun fi daɗewa a raye. Ashe rundunar da ke ciyar da ƙari da wadda ke yaƙarsa a fage ɗaya suke, da harshe iri ɗaya suke aike. Wanne ɓangare garin kurkum zai rufe wa baki? Mai tallan bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba.

Waɗanda suka yi tambayar da gaske sun sha wuya. Kamfanin Merck ya gwada maganinsa Vioxx, mai toshe sinadarin COX-2, don hana ƙananan tsiron hanji dawowa. Tsiron ya ragu, amma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka ƙaru, a watan Satumba na 2004 aka janye maganin daga kasuwannin duniya. Asfirin ma fuska biyu gare shi. A gwajin da John Burn na Jami'ar Newcastle ya jagoranta, miligiram 600 a kullum ya rage sankarar hanji ga masu larurar gado ta Lynch, kuma sai bayan shekaru amfanin ya bayyana. Amma a wani gwaji na Ostireliya da Amurka da aka wallafa a 2018, kan tsofaffi kimanin 19,000, masu shan asfirin sun fi zubar jini, mace-macen sankara kuma sun fi yawa a cikinsu. Ƙwaya ɗaya ta taimaki wani ta cuci wani, gwargwadon shekaru da gado. Sinadarin kurkum kuwa, wanda yake burgewa a kwanon gwaji, ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke ratsa hanji ya shiga jini.

Wani zai ce ai kayan miya ne, ba sa kisa. Amma jinkirin da suke jawowa yana kisa. A ƙasar Hausa duk jinin da ya fito a bayan gida sunansa basir, kuma basir yana da dillalansa a kowace tasha. Yanzu an yi wa tsohuwar sana'ar sabuwar riga: ma'aikacin banki da ba zai tsaya gaban mai lasifika ba, sai ya sayi gari iri guda ta waya don an rubuta IL-6 a jikin kwalba. Wata shida yana "rage kumburi" alhali jini na zuba, bayan gida ya sauya, jiki na ramewa. A cikin watannin nan ƙarin da likitan fiɗa zai iya yankewa ya rabu da shi yana iya ratsa bangon hanji ya isa hanta. Na'urar leƙa hanji kan gano ƙari cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma idan ƙaramin tsiro ne, a zaman nan take cire shi.