Fim ɗin Dune da masu jiran mai ceto a bakin Kainji

Duk wanda ya kalli kashi na biyu na fim ɗin Dune, wanda Denis Villeneuve ya fitar a 2024, zai ji kalmomin da kunnensa ya saba da su. Mutanen hamadar Arrakis, wato Fremen, suna kiran wani saurayi ɗan sarauta, Paul Atreides, da Mahdi. A ƙasarsu kaɗai ake samun sinadarin da sauran duniyoyi suka dogara da shi, amma baƙi ke kwasa, su kuwa ko ruwan sha sai da dabara. Labarin zuwan mai ceton ma wata ƙungiyar asiri ta mata, Bene Gesserit, ce ta shuka shi tun da daɗewa, don ranar da za ta buƙace shi. Paul ya hau wannan imani ya ɗare karagar mulki, yaƙin da ya biyo baya kuma Fremen ɗin ne a sahun gaba.

Mu mutanen Yauri, Ngaski da Shanga, wannan labari bai yi mana nisa ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutum kusan 44,000, ciki har da Gungawa da suka bar tsibiran kakanninsu. Lantarkin Kainji ya haska manyan birane har da Yamai, alhali ƙauyuka da yawa na bakin tafkin suna kwana cikin duhu. Ga zinaren da ake haƙa a ƙasarmu, ga haɗarin jirgin ruwan Warra na Mayun 2021 da ya cinye rayuka da dama. Wanda aka daɗe ana cuta, da wuya ya ƙi sauraron duk wanda ya ce shi ne mafita.

Ba muna ja da abin da malamai suka karantar kan Mahadi ba ne. Maganarmu kan masu aron rigar ce. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka bi irin wannan kira, aka shafe garin. A 1980 Kano ta ɗanɗana rikicin Maitatsine. Yau mai ceton babbar riga yake sawa, ya zo da mawaƙa da buhunan shinkafa, mu matasa kuma mu ne 'yan tallansa a TikTok, wai shi Allah Ya turo mana.

To, 2027 na tafe. Akwai hukumar HYPPADEC da doka ta kafa domin al'ummomin da madatsun lantarki suka shafa, Kebbi na ciki. Mu je mu tambaya: nawa aka ware wa yankinmu, me aka gina, ina rigunan ceto na masu shiga jirgi? Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Yelwa ko Warra, a tare shi da waɗannan tambayoyi, a rubuta amsarsa, a ajiye har ranar da zai dawo.